Tambaya da Amsa: Sanyi ya shigo, akori-kura mai sufacaja ta canza hali

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda sanyi ya kankama saƙonnin da ke shigo mana kusan duk kan abu ɗaya ne, manyan akori-kuran nan na Amurka masu sufacaja da yadda suke canza hali in gari ya yi sanyi, yawancin masu tambayar 'yan'uwanmu ne mazauna Kanada da Amurka, sai wasu daga nan gida. Ga wanda bai sani ba, sufacaja famfon iska ne da ake ɗorawa a kan injin, bel ne ke juya shi daga kiranshaf, yana tura iska da ƙarfi cikin silinda don a ƙona fetur mai yawa a samu ƙarfi, wannan matsin iskar shi ake kira bust. Na taƙaita tambayoyin sabida wuri.

TAMBAYA: Salam Injiniya. Ina Kalgari a Kanada, ina da F-150 ta 2016 mai injin V8 lita 5. Na sa mata sufacaja, da zafin bana kuma wani mai saiti ya cire fulin, wato faifan da bel ke juya sufacajan da shi, ya sa ƙarami, ya yi mata tunin, wato sabon saitin kwamfutar injin, a kan daino, na'urar auna ƙarfin mota, lokacin ana wajen digiri 30. Lafiya lau take har Nuwamba. Yanzu da muka shiga 20 ƙasa da sifili wallahi ƙarfinta ya ƙaru sosai, allurar bust ma ta ɗan hau, amma in na take totur har ƙasa sai ta riƙa sarƙewa tana tari in juyin injin ya yi sama, jiya ma cek injin ya yi ta ƙiftawa. Abokaina sun ce sanyi ai alheri ne ga injin in ci gaba da harkata. Haka ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai dai ka ɗaga ƙafarka daga totur ɗin nan. Cek injin mai ƙiftawa ba ɗaya yake da wanda ya kunnu ya tsaya ba, mai ƙiftawa yana nufin a daidai wannan lokacin akwai silindar da ba ta cin wuta, ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana toya katalis, wanda makanikan gida ke kira indomi, kuma shi ne ma mai arha a cikin abubuwan da za su iya lalacewa.

Abokanka rabin gaskiya suka gaya maka. Iska mai sanyi ta fi nauyi, wannan ba gardama. A bakin teku mita ɗaya kubik na iska a digiri 30 nauyinsa wajen kilo 1.16 ne, a 20 ƙasa da sifili kuwa ya kai 1.39, ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari kenan. Kalgari tudu ce, ta haura mita 1,000, to lambobin naku za su yi ƙasa da haka amma kason ƙarin ba ya canzawa. Shi kuma sufacaja irin wanda ake ɗorawa saman injin V8 kamar mudu yake, kowane juyi cika ɗaya yake ɗiba, amma mudun dusa da mudun gero ai ba nauyinsu ɗaya ba. Da zafi dusa yake aunawa injin ɗinka, yanzu gero yake aunawa. Ba duka kashi 20 ɗin ke isa ciki ba tunda iskar tana ɗan ɗumama a ƙarƙashin bonet kafin ta shiga, amma ko rabi ne ya shiga ya isa ya sa ka ji motar ta zama wata daban, shi ya sa ma allurar bust ta ƙara PSI ɗaya ko biyu ba tare da ka taɓa komai ba.

To ga inda matsalar take. Iska ta ƙaru, dole fetur ya ƙaru daidai da ita, kuma birenbos, wato kwamfutar injin, ya san da haka, yana ganin iskar ta sensa yana ba injekta umarnin su ƙara buɗewa. Amma injekta yana da iyaka. A ce ranar da aka yi maka tunin injektocinka suna aiki kashi 90 cikin ɗari na iyawarsu a saman juyi, mai saitin ya duba ya ga lamba ta yi kyau ya sallame ka, yanzu iska ta ƙaru da kashi 12 kacal, lissafa ka gani, ana neman kashi 101 daga abin da ƙarshensa 100 ne. Daga nan komai birenbos ya faɗa a banza ne, fetur ba zai ƙaru ba, haɗin zai tsinke, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Famfon mai da ke cikin tanki ma haka, shi ma akwai inda yake gajiya sai ka ga matsin mai yana faɗuwa daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. A tafiyar yau da kullum injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1, amma in bust ya shigo masu saiti suna sauko da shi wajen 11.5 zuwa 12, sabida ƙarin fetur ɗin nan shi ke sanyaya kan fistin. In ya tsinke ya haura 13 kana kan bust, fistin ne ke biyan bashin, musamman ɗan siririn bangon da ke riƙe ringi na sama, kuma injin ɗinka tun asali ba don bust aka gina shi ba.

Akwai abu na biyu da zai iya kawo wannan tarin, kuma ina fatan shi ne don ya fi sauƙi, fulogi. Idan iska ta cushe sosai a silinda wutar fulogi tana shan wahalar tsallake gibin, gibin da ya wadatar da zafi sai ya zama ya yi faɗi da sanyi, wutar ta mutu kafin ta kama. Fulogi ya ɗan tsufa ko koyil ya fara rauni, a sanyi asirinsu ke tonuwa.

Na uku taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta. Sanyi shi kansa yana rage bugun wuta, wato fetur ya fashe da kansa kafin lokacinsa, don haka birenbos yana da tebur da ke cewa in iskar shiga ta yi zafi a janye taimin, in ta yi sanyi a mayar. Mai saitin da ya yi aikinsa a watan Yuli ɓangaren zafi na teburin kawai ya gwada, ɓangaren sanyin hasashe ne, bai taɓa ganin motarka a can ba. Sai ya zama iska ta ƙaru, taimin ya dawo cikakke, matsin da ke kan fistin da konrod da giya ya wuce duk abin da aka gani a daino. Ni a ganina duk tunin ɗin da aka matse shi har ƙarshe don a samu babbar lamba a ɗora a Instagram ba tunin ɗin ƙasar sanyi ba ne, na ranar da aka yi shi ne kawai.

Abin yi, ka sa na'ura a karanto lambobin matsalar. P0300 da 'yan'uwanta P0301 zuwa P0308 rashin cin wuta ne, lambar ƙarshe ita ke gaya maka silindar. P0171 da P0174 haɗi ya tsinke. A ciro fulogai a duba su ɗaya bayan ɗaya a haske, in ka ga farin kan ya yi fari fat ko da 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli a jikinsa, to aluminiyam ɗin fistin ne ya fara tashi, a gwada kwamfureshan kafin a sake ko tayar da ita da ƙarfi. In fulogai lafiya, ka koma wurin mai saitin ka ce log, wato rikodin abin da injin ke yi yana tafiya, kake so a ɗauka a wannan sanyin, a duba aikin injekta, matsin mai, haɗin iska da fetur ta sensar waidban, da yawan taimin da sensar bugu ke janyewa. In ya ce ba sai an duba ba, nemi wani. Mafita mai arha ita ce ka mayar da babban fulin da sanyi ka ajiye ƙaramin sai zafi ya dawo, mai tsada kuma manyan injekta da famfo sannan sabon tunin. Kuma garinku ma na daban ne, iskar Chinook tana iya ɗaga ma'auni da digiri 20 cikin yini guda, to tunin ɗinka dole ya zama mai sarari ta kowane ɓangare.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ina karanta injiniyan motoci a Kaduna. Me ya sa ba a cika jin masu turbo suna wannan kukan ba?

AMSA: Suna yi ƙanena, amma ba kamar na masu sufacaja ba. Turbo hayaƙin salansa ke juya shi, kuma akwai ƙofar da birenbos ke buɗewa ya zubar da hayaƙin in ya ga ƙarfin da yake nema ya samu, to a motocin zamani in iska ta yi nauyi sai kawai ya rage bust ya tsaya a inda aka ce ya tsaya. Sufacaja kuwa bel ya ɗaure shi da injin, girman fuli ne ya yanke masa gudu, ba ya jin magana. Abin da ya rage wa birenbos shi ne bawul ɗin baifas mai ba iskar sufacaja hanyar kewayewa, da maƙogwaron totur, da taimin. A wasu motocin bawul ɗin na lantarki ne ana iya sarrafa shi, a da yawa kuma musamman waɗanda aka ɗora daga baya iskar injin ce ke jansa, kana take totur ya rufe shikenan. Tsofaffin Ford Lightning na 1999 zuwa 2004, masu lita 5.4 da sufacajan Eaton, in an canza musu fuli akwai wata matsalar ma, sensar auna iska tana kaiwa ƙarshen abin da za ta iya karantawa, wajen volt 5, daga nan birenbos ya makance, kuma daren sanyi ne ke kai ta can.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Na shigo da Ram TRX daga Amurka, ina Jos da ita, ban taɓa komai a injin ba. Wani yaro ya ce min dole a sake mata tunin sabida hunturu. In ba shi?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, kar ka ba shi ko makullin. TRX daga kamfani ta zo da sufacajanta, injin Hemi lita 6.2 mai ƙarfin doki 702, kuma saitin kamfani an yi shi ne don motar ta yi aiki daga hamadar Arizona har Alaska. Kamfanonin nan suna da wuraren gwajin sanyi na musamman, Ford ta yi shekaru tana zuwa Thompson a Manitoba, GM ma ta taɓa samun nata a Kapuskasing a Ontariyo, wuraren da 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne. Sanyin Jos da ke sa mu ƙudundune, ko ya sauko ƙasa da digiri 10 da asuba, a wurin wannan motar yanayi mai daɗi ne kawai. Ƙari ma Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, matsin iska a nan ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin ɗari, to abin da sanyi ya ƙara tudu ya riga ya ɗauke.

Abin da ya kamata ya hana ka barci fetur ne. Littafin motar yana neman oktan 91, wato ma'aunin juriyar fetur ga bugun wuta, ka zo gida ka ji ana cewa namu ma wajen 91 ne ka ce shikenan, alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne. Amurka da Kanada suna rubuta matsakaicin gwaji biyu a jikin famfo, mu kuma da Turai lambar RON muke amfani da ita wadda ta fi girma, 91 ɗinsu wajen 95 ne a namu. Kenan fetur ɗin da kake sha ya gaza abin da aka gina motar a kai, sensar bugu za ta yi ta janye taimin tana kare injin, amma ba a dogara da ita a yi ta tsere. Kuma lokacin haɗarin ba Disamba ba ne, Afrilu ne in ka gangaro Bauchi ko Kano ana 40 da wani abu. In har za a taɓa saitin wannan motar a ƙasar nan, to saitin rage taimin ne don ya dace da man da muke da shi, kuma wanda ya san aikin zai yi, ba mai kwamfuta a jaka da ya sauke fayil daga intanet ba.

Sai ƙura. Hunturu yana toshe filtar iska da wuri, a riƙa dubawa akai-akai kar a jira kilomitan littafi, a kuma wanke ƙaramin lagireton intakula, wato na'urar sanyaya iskar da sufacaja ya matse, da ke gaba da ruwa mara ƙarfi. Sannan don Allah, in wani makanike ya ce zai cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, ka ɗauke motarka. Wannan al'adar ta yi mana illa a motocin tokumbo, injin ba ya kaiwa zafin aikinsa, birenbos yana ɗauka har yanzu ana ɗumi sai ya yi ta zuba fetur, fetur na wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, kuma da hunturu abin ya fi muni. Baƙin man ma 0W-40 kamfani ya rubuta, kar a ɗura mata mai kauri irin na tsohuwar J5.

TAMBAYA: Ina Minisota, motata Silverado ce mai sufacaja an yi mata tunin a kan E85. Da safe sai na yi ta murza ki kafin ta tashi, in ta tashi kuma tana warin mai, kuma kamar ƙarfinta bai kai na da ba duk da ana cewa sanyi na ƙara ƙarfi.

AMSA: Ɗan'uwa abu biyu ne suka haɗe maka kuma duk daga tanki suke. E85 haɗin ethanol ne da fetur, masu sufacaja na sonsa sabida yana jure matsi yana kuma sanyaya iska. Amma ethanol ba ya son tashi ya zama tururi in da sanyi, ƙasa da wajen digiri 13 tururin da yake bayarwa bai isa ya kama wuta ba, kuma injin tururi yake ƙonawa ba ruwa ba. Don haka da asuba ɗan fetur ɗin da ke cikin haɗin shi kaɗai ke tayar da motar, sauran yana jiƙa fulogi ne kawai, warin da kake ji kenan.

Sabida wannan ne masu haɗa man suke rage ethanol da sanyi su ƙara fetur. Sunan dai E85 a jikin famfo, amma ƙa'idar Amurka ta yarda ethanol ɗin ya kasance daga kashi 51 har 83. In tunin ɗinka an kafe shi ne a kan man watan Yuli mai kusan 80, yanzu kana shan mai 60 ko 70, to birenbos yana zuba mai fiye da kima tunda fetur ba ya buƙatar yawa irin na ethanol, ga kuma oktan ya sauko alhali taimin na nan a sama, sensar bugu na ta janyewa, ƙarfin da ka rasa kenan. Ka sayi 'yar kwalbar gwaji, arha ce, ana zuba ruwa zuwa layi a cika da man a girgiza a ajiye, in ya kwanta sai ka karanta kason a jiki. Maganin dindindin kuma a sa sensar da ke auna ethanol a layin mai a yi tunin da ke bin ta, a kuma gyara teburin man tayarwa, wanda shi ma sai da safiyar sanyi ake iya gyara shi, sau ɗaya a rana, tunda injin na ɗumama damar ta wuce. Mutane da yawa a jiharku ba sa ma wahalar da kansu, daga Nuwamba suke komawa fetur mai oktan 91 ko 93 da tunin ɗinsa, sai Afrilu. Ka duba batir ma, sanyi na cinye masa ƙarfi, sannan in motar na da hitar injin ka jona ta awa biyu zuwa uku kafin fita.

TAMBAYA: Injiniya ka raba mu gardama da maigidana. Muna Winifeg. Kullum sai ya kunna motarsa mai sufacaja ta yi minti 20 a tsaye wai tana ɗumi, aikinsa kuma tafiyar minti goma ce. Yanzu ya buɗe murfin baƙin mai ya ga wani abu fari-fari mai kauri, hankalinsa ya tashi wai gasket ya ƙone.

AMSA: Hajiya Allah ya bar ku tare, amma a wannan karon ke ce da gaskiya, sai dai ki gaya masa a hankali. Injin da ke tsaye yana salo ba ya ɗumama da sauri, kuma duk tsawon lokacin birenbos na zuba mai da yawa. Duk litar fetur da aka ƙona tana haifar da kusan litar ruwa a matsayin tururi, mafi yawa na fita ta salansa, kaɗan na sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin injin, in ƙarfen da sanyi sai ya koma ruwa ya gauraya da baƙin mai. In ana doguwar tafiya mai ya yi zafi sosai ruwan na ƙonewa ya fita, amma tafiyar minti goma ba ta isa ba, sai ya taru a wuri mafi sanyi, wato ƙarƙashin murfin nan. Ya zaro sandar gwajin mai, in man da ke jikinta normal ne, ruwan lagireto bai ragu ba, motar ba ta zafi, to ba gasket ba ne. Ya canza mai, sannan ko sau ɗaya a sati ya hau babbar hanya ya yi minti 30 zuwa 40.

Ɗumi kuma, minti ɗaya ko biyu ya isa a sanyi na yau da kullum, a irin naku na Winifeg da ake kaiwa 30 ƙasa da sifili ya jona hita tun dare ya ba ta 'yan mintuna gilashi ya washe, sai ya tafi a hankali ba tare da ya shiga bust ba. Kuma allurar ruwa ba ita ce abin kallo ba, ruwa na riga mai ɗumama da nisa, ya nemo zafin baƙin mai a allon motar ya jira ya kai wajen digiri 80 kafin ya take. In ya sa gwangwanin tara tururin mai, wanda masu sufacaja ke yawan sawa, ya riƙa juye shi akai-akai da sanyi, ruwa ne ke cika shi, in ya daskare ya toshe hanyar numfashin injin matsi zai nemi hanya ta sil ya ɓalle shi. Abu ɗaya da ba wasa a ciki, kar a bar mota tana aiki a cikin gareji ko da ƙofa a buɗe, gubar da ke cikin hayaƙin nan ba ta da wari kuma tana shiga cikin gida tana kisa.

TAMBAYA: Da safe bel ɗin sufacaja na ihu, sannan ko kaɗan na taɓa totur baya sai ta wulla.

AMSA: Roba ce duka biyun. Bel ya sandare da sanyi ga kuma sufacaja ya ƙara nauyin juyawa, in ihun na ɗaukewa bayan 'yan mintuna ba komai, in kuma kana ganin baƙar ƙura a gaban fuli ko bust na faɗuwa a saman juyi to zamewa yake, a duba tenshina a canza bel. Tayar zafi kuma ƙasa da digiri 7 take fara taurare, akori-kura ba nauyi a baya, ga ƙarfi ya ƙaru. Sayi tayar sanyi mai tambarin dutse da ƙanƙara, ka kuma auna iska, tana raguwa wajen PSI 1 a duk digiri 5 zuwa 6 da gari ya sauka.

TAMBAYA: Aiki ya mayar da ni daga Hustan a Teksas zuwa Dakota ta Arewa wata mai zuwa. Tankin intakulata ruwa zalla nake zubawa sabida an ce ya fi sanyaya iska. Akwai matsala?

AMSA: Babba ma. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi ɗaukar zafi, amma intakular sufacaja layinta daban ne da na lagireton injin, tana da nata famfo da nata tanki da ɗan lagiretonta a gaba inda iska ke dukansa kai tsaye, zafin injin ba ya cetonta. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma sashen da ke sanyaya iskar a cikin sufacajan yake, a kan hanyar shiga silinda. In ya tsage ba za ka sani ba sai ƙanƙarar ta narke ruwan ya gangara cikin silinda, ka murza ki, fistin ya taho ya tarar da ruwa wanda ba ya matsuwa, konrod ya lanƙwashe. Ko a Teksas ɗin ma ka tuna sanyin Fabrairun 2021, ba wurin da za a ce ruwa zalla ya tsira.

Kafin ka kama hanya a juye shi duka, har abin da ya maƙale a tiyo da famfo, a zuba haɗin kulant da tataccen ruwa rabi da rabi, wannan na kaiwa wajen 37 ƙasa da sifili bai daskare ba. Dakota ta Arewa takan taɓa wannan iyakar, don haka kashi 60 kulant 40 ruwa ya fi kwanciyar hankali, amma kar ka ce bari in zuba kulant zalla don ya fi ƙarfi, shi kaɗai tun wajen 13 ƙasa da sifili yake daskarewa. A fitar da iskar da ta shiga layin, ka tsaya ka leƙa tankin ka ga ruwan na zagayawa in famfo ya kunnu. In kana da na'urar fesa ruwa da methanol ita ma a duba haɗinta, haka ruwan wanke gilashi, na Teksas ba zai kai ka ko Nebraska ba. Tunin ɗinka kuma na Hustan ne, gari mai zafi da laima a bakin teku, to ka karanta amsar da na ba ɗan'uwanmu na Kalgari a sama, ka nemi mai saiti a can ya ɗauki log a satinka na farko kafin ka take ta har ƙasa.